Layukan da Ka Rubuta “In Ji Baba”

Laranto, Jos.
Laraba, bayan la'asar.

Zuwa ga ɗana Habibu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina fatan takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da abokan tafiyarka huɗu. Allah Ya tsare gabanku da bayanku, Ya kiyaye ku a kan baburanku, Ya kai ku inda kuka nufa, Ya dawo mana da ku cikin aminci.

Na san za ka yi mamaki. Daga Laranto zuwa ɗakinka na Jos Jarawa tafiyar minti kaɗan ce a mashin, ga kuma waya a aljihuna, amma na zauna a bencin gareji ina rubuta maka wasiƙa kamar wanda ke wata ƙasa. Wannan ce takarda ta uku. Ta farko na yage ta, don na ga faɗa nake ta yi maka alhali ba ka yi laifin komai ba. Ta biyu na cika ta da addu'a tun daga sama har ƙasa, ban taɓo abin da ya sa na ɗauki biro ba. In ka ga wannan ma tana gaba tana baya, ka yi haƙuri, haka kan babanka yake tun ranar Lahadi.

Ranar Lahadin nan ka kawo mini takardar shirinku, ka shimfiɗa ta a kan tabarma kana bi da yatsa. Jos zuwa Ilori, Ilori zuwa boda, Paraku, Kwatano, Lome, sannan a juyo. Kuɗin mai gidansa daban, na abinci daban, na takardu daban. Shekara uku kana zubin adashi domin wannan tafiya, abokanka kuma suka damƙa maka tsarin gaba ɗaya saboda, a cewarsu, kai ne ɗan Garba Kwatano, mutumin da ya taɓa kai babur bakin teku. Na ce maka takarda ta yi kyau, kuma ta yi kyan. Sai dai wuri uku ka yi rubutu a gefe da jan biro, “in ji Baba”. Na farko, hanyar ratse ta gefen layin dogo daga Paraku zuwa Kwatano, wadda za ta rage muku rabin yini da tanki guda. Na biyu, kwana huɗu a Kwatano, ka sa sifiri a kuɗin masauki, saboda gidan Alhaji Mai Goro na Zango ba ya mayar da baƙon Jos. Na uku, kuɗin gyara, ka rage shi ya zama ɗan mitsitsi ka sayi kyamarar da ake maƙalawa a hular kwano, tunda Baba ya je ya dawo ko faci bai yi ba.

Habibu, babu gaskiya ko ɗaya a cikin ukun nan. Ban taɓa wuce Paraku ba. Ban taɓa ganin teku ba, har yau da nake rubuta maka.

Na ajiye biro na yi kusan rabin awa kafin na iya ci gaba. Wani ya kawo mashin ɗinsa yana ɗigar mai, na ce ya dawo gobe, ni da ban taɓa korar aiki ba. Ban san ta inda zan ɓullo wa maganar ba, don haka bari in fara tun daga farko, yadda abin ya faru, ka tsinci abin da zai amfane ka.

Lokacin ina saurayi, ban auri mamanka ba, ban daɗe da buɗe garejin nan ba. Oga Chidi, wanda ka je shagonsa na Kwararafa ka sayo sarƙa da fulogi shekaranjiya, shi ma lokacin teburi kawai gare shi da 'yan kayan gyara. Shi ya ce yana son ya je Kwatano ya ga inda kaya ke sauka daga jirgin ruwa. Ni kuwa ina da babur, ina da taurin kai, na ce mu tafi a kan nawa, ni in tuƙa shi ya zauna a baya. Ba mu zauna mun tsara komai ba. Kafin mu san ko kwana nawa hanyar take ci, na riga na gaya wa duk Laranto, daga mai shayi har 'yan tashar mota. Mutane suka yi ta zuwa yi mini sallama har ta kai ko da na so fasawa babu fuskar da zan fasa da ita. Kai ma na ga ka zuba hotunan babur ɗinka a waya, duniya duk ta san Asabar za ku tashi. Ban ce ka yi laifi ba. Ina dai so ka sani, yawan waɗanda suka san za ka tafi ba dalili ba ne na tafiya in shirin bai kammala ba.

Da labari ya bazu sai sautu ya fara shigowa. Wannan ta ba ni kuɗin atamfa turmi biyu, wancan na agogo, wata tsohuwa a layinmu ta ƙulle nata a bakin zane ta ce in sayo mata man zafi irin na Faransa. Ban iya cewa a'a ba, ka san halina. Na haɗa kuɗinsu da nawa a aljihu ɗaya, aljihu ya yi nauyi, na riƙa jin kaina wani attajiri. A Bida na sayi kaza gasasshiya mu biyu, a Mokwa na sake saya. Ban san kuɗin atamfar mutane nake ci ba sai da aka zo inda ake neman nawa na kaina, na laluba na ga babu iyaka tsakaninsu. Shekara guda na yi ina gyara baburan mazajensu kyauta kafin na wanke kaina. Saboda haka kada ka karɓi sautun kowa. Na ji gwaggonka ta ce za ta aiko maka da na leshi. Ka gaishe ta da kyau, ka ce mata babur ba shi da wurin kaya, in ta yi fushi ka turo ta wurina.

Sai maganar dankali. Ka san mutumin Jos ba ya zuwa baƙunta hannu biyu, kuma a wurinmu babu tsarabar da ta kai dankalin turawa. Na sayi rabin buhu na ɗaure a bayan Chidi, wai zan raba wa masu masaukinmu a hanya su ga abin da dutsen Jos ke haifarwa. Babur ɗin da aka yi domin mutum biyu ya ɗauki mutum biyu da jakunkuna da akwatin sifana da rabin buhun dankali. Tun a gangaren Hawan Kibo birki ya fara wari. Da muka sauka ƙasa zafi ya kama dankalin, kafin mu tsallake gadar Jebba ya fara ruwa yana bin bayan rigar Chidi. Ya yi ta roƙona in jefar, ni kuma ina jin ciwon kuɗina. A boda wani jami'i ya sa hannu cikin buhun don ya bincika, ya zaro hannun ya dube mu, ya yi wata magana da Faransanci wadda ban ji ba amma na gane. A nan muka bar buhun. Jiya na ga mamanka tana ƙulla maka dankali da kabeji da acca a leda uku. Ni ba zan iya hana ta ba. Ka karɓa ka yi godiya, ka ajiye wa maƙwabtanka. In kana son abin ba wa mai masauki, ka riƙe abu mara nauyi wanda rana ba ta lalata shi, ko da turare ne ko dabino.

Kuɗi kuma, a nan kaina ya fi ɗaurewa, don ban san me zan ce maka ba. Mu naira muka ɗauka tsabarta, muka isa boda da yamma a gajiye, muka canza ta duka a hannun mutumin farko da ya tare mu yana Hausa. Na ji Hausa a bakinsa sai na saki jiki kamar na ga ɗan'uwa. Washegari a Paraku muka ji yadda ake canji a kasuwa, Chidi ya zauna a kan dakali ya riƙe kai. A takarda ta farko na rubuta maka cewa ka riƙe kuɗinka a hannu, kada ka yarda da kuɗin cikin waya. Da na sake tunani na ce a'a, tsabar kuɗi a jikin matafiyi fitina ce. Yanzu kuma ina tunanin in wayar ta faɗi a ruwa fa, ko kuka shiga inda babu sabis? Ka ce mini akwai wani kati da ke ba da sefa, kuɗin can, a na'urar bangon banki, ka yi mini bayani sau biyu, na gyaɗa kai sau biyu, wallahi ban gane ba. To ka raba. Wasu a waya, wasu a jiki, wasu a wurin da ko abokanka ba su sani ba. Kada ka canza duka a wuri ɗaya, kada kuma ka yi canji kana jin yunwa. Abin da na tabbata da shi guda ɗaya ne: mu kuɗin zuwa kawai muka lissafa, dawowa muka bar wa Allah ba tare da mun yi namu ba. Ka ware kuɗin dawowa tun daga Jos, ka ɗauka ba naka ba ne sai ranar da ka juyo da kan babur gida.

Yanzu ga babban kuskuren, wanda ya fi yi mini ciwo saboda a sana'ata na yi shi. Ka san iskar Jos ba irin ta ƙasa ba ce. Muna kan tudu, iskarmu sanyi gare ta kuma ba ta da kauri, shi ya sa kowane makanike a garin nan yake matse kabureta ya rage mata mai, babur ya yi ta tafiya lafiya yana shan kaɗan. Ni har alfahari nake da wannan, ana cewa in Garba ya saita maka kabureta sai ka manta hanyar gidan mai. Ranar tafiya da safe na ƙara matse tawa, wai don mu yi tattalin fetur. Ban yi tunanin cewa in mun sauka daga dutse iska za ta yi kauri, man ya yi wa injin kaɗan, ya riƙa ɗaukar zafi ba. Abin da na sani ne sarai, ina gaya wa direbobin da ke gangarawa Lafiya, amma a kaina ban tuna ba. Tun daga Ilori injin yake ƙara irin wadda in a babur ɗin wani na ji ta zan ce ya tsaya nan take. Chidi ya ce mu huta, na ce masa shi kaya ya sani, ni inji na sani. Muna shiga Paraku, daidai wata kasuwar doya, injin ya buga. Fistin ya kama, ringi ya karye, muka tura babur da hannu muna tambayar inda masu gyara suke.

Naka babur ɗin ba shi da kabureta, ka ce kwamfuta ce a ciki take auna iska da kanta. Ranar da ka kawo shi na zagaya shi sau uku ina neman inda zan sa sukudireba ban samu ba, na ce maka yana da kyau don kada ka ga gazawata. Saboda haka ban san ko wannan darasin ya shafe ka ba. Watakila bai shafe ka ba sam. Amma ko kwamfuta ce, ƙarfe ne ke juyawa a ciki, kuma ƙarfen da ya saba da sanyin Jos bai san zafin ƙasa ba. Ka duba baƙin mai kowace safiya kafin ka sha shayi. Ka duba iskar taya da sanyin safe, ba bayan kun yi gudu ba. In rana ta take ku tsaya a inuwa, ku huta shi ma ya huta. In ka ji sabuwar ƙara, ko abokanka sun yi gaba, ka tsaya. Ka kuma tambayi kanka tun yanzu, in kwamfutar nan ta ƙi a wani ƙauye, wa zai taɓa ta? Ni dai na san ba irina ba.

Abin da ya rage mana a Paraku bai isa sayen fistin ba. Wani makanike Bayarabe mai jin Hausa kaɗan ya tausaya mini, ya ce in yi masa aiki ya biya ni da kayan gyara. Chidi ya ce tunda ya zo nan sai ya ga abin da ya fito gani, ya hau motar doya ya wuce Kwatano. Ni na zauna kwana goma sha ɗaya ina wanke kabureta da facin tayoyin mutane, ina kwana a kan benci irin wannan da nake zaune a kai. Da Chidi ya dawo ya kawo mini ruwan teku a kwalbar lemo da 'yan ƙwaryar kifi guda biyar, irin waɗanda ake tsinta a yashin bakin teku, ya ce tunda ban je ba ga shi an kawo mini. Ya zauna ya ba ni labarin ruwa mara ƙarshe, da jirage, da masu kamun kifi suna jan raga suna waƙa. A tasha ya kwana a can, a kan kwali. Hanya kuwa bai san ta ba, don barci ya yi a kan doya har suka isa.

Kwalbar nan ita ce wadda ka tashi kana gani a kan kabad ɗin falo, wadda nake hana ku taɓawa.

Wallahi ban dawo da niyyar yin ƙarya ba. Mun shigo Laranto da hantsi, mutane suka taru, mai shayi ya ɗaga murya ya ce ga Garba Kwatano ya dawo. Wani ya tambaye ni yaya teku, kwalbar tana hannuna, masu sautu suna tsaye suna kallona, ni kuwa ba atamfa ba agogo. Na ji in na ce ko isa ban yi ba, kuma kuɗinsu ya tafi, ƙasa ce kawai za ta rufa mini asiri. Sai na ɗaga kwalbar na ce ga shi nan. Na dubi Chidi, ya kawar da kai. Shi ke nan. Daga ranar labarinsa ya zama nawa. Sunan ya bi ni, har na sa aka rubuta shi a allon gareji. Duk lokacin da na ba da labarin sai ya ƙara tsawo, hanyar kuma ta ƙara gajarta. Alhaji Mai Goro ban san ranar da na haife shi ba, na dai wayi gari yana cikin labarin da gemunsa da tabarmarsa. Hanyar ratse kuwa kai ka jawo ta. Watannin baya ka nuna mini taswira a waya ka ce nisan ya fi yadda nake faɗa, ni kuma maimakon in yi shiru sai na ce ai akwai ratse ta gefen layin dogo wadda waya ba ta sani ba. Ka yi murna ka rubuta. Na ga lokacin da ka rubuta, ban hana ka ba.

Shekaranjiya da ka je sayen kaya ka nuna wa Oga Chidi takardar. Bai ce maka komai ba, amma kana fita ya rufe shago ya hau keke napep ya zo gareji, shi da ƙafarsa ke ciwo. Ko zama bai yi ba. Ya ce, “Garba, shekara talatin na riƙe bakina, ban gaya wa ko matana ba. Amma wannan hanyan da ka ba yaro, babu shi. Alhajin nan, babu shi. Yara biyar za su shiga daji suna neman hanyan da kai ka yi da baki. Ka gaya masa kafin Asabar, abeg. In ba ka faɗa ba, ni zan faɗa.” Na ce masa ya zauna a kawo ruwa. Ya ce ba ruwa ya zo sha ba.

Na ji haushinsa, ba zan ɓoye maka ba. Na yini ina ƙirga laifinsa, ina cewa ai shi ya tafi ya bar ni a Paraku, shi ya kawo kwalbar ma tun farko. Zuwa magariba haushin ya ƙare, don na san mutumin nan ya fi ni gaskiya, kuma ya fi ni son ka a wannan maganar. In ka samu aboki ɗaya irinsa a cikin huɗun nan, ka riƙe shi da kyau.

Akwai abin da har yanzu ban gane ba, kuma shi ya fi damuna. Na yi ta tambayarka me za ku je yi. Ba fatauci ba, ba ziyarar dangi ba, ba neman karatu ba. Ka ce za ku je ku gani ne kawai. Na yi ta yi maka tsiya a gaban mutane, ina cewa yaran yanzu suna ƙona adashin shekara uku don su ɗauki hoto. Amma ranar Lahadi da kake naɗe takardarka ka ce, “Baba, tun ina firamare nake kallon kwalbar nan, nake cewa sai na tsaya inda ka tsaya.” Na tashi na shiga ciki kamar zan ɗauko wani abu. Ashe ni na dasa maka wannan tafiya, kuma da abin da bai faru ba na dasa ta. To yanzu in hana ka ne, tunda tushen ƙarya ne? Ko in ƙarfafa maka gwiwa, tunda kai da gaske kake? Da safe ina jin in je in kwance tayar babur ɗinka in ɓoye. Da rana ina jin da ƙafata da ƙarfi da na bi ku. Ina jin tsoro, ina jin kunya, kuma a ƙarƙashinsu akwai wani farin ciki da ban san inda zan ajiye shi ba.

Ga dai abin da na iya tsayarwa. Ka ɗauki biro ka soke layukan nan uku. Daga Paraku ku bi babbar hanya wadda wayarka ta nuna, ku ba ta yini cikakke da man da ta nema. Ku sa kuɗin masauki na kwana huɗu, ku tambayi waɗanda suka je kwanan nan, ba masu labari irina ba. Kuɗin gyara ka mayar da shi yadda ka fara sa shi kafin in buɗe bakina, in ma da hali ka ƙara. Na san hakan zai buɗe rami a lissafinku, ni kuma ba ni da abin cike shi, ka san yadda gareji yake tun da aka rage hawan mashin a gari. Ko dai ku cire Lome ku tsaya a Kwatano, ko ka mayar da kyamarar nan, ko ku ɗaga tafiyar zuwa wata biyu. Wanne ya fi, ban sani ba. Ɗazu ina ganin cire Lome, yanzu kuma ina ganin ɗagawa. Ku biyar ne, ku zauna ku yanke.

In kun zauna, kada ka ce musu kai ka yi kuskure don ka rufa mini asiri. Na san ka, za ka so ka yi hakan. Ka gaya musu yadda yake, ka karanta musu takardar nan in ka ga dama. Na san ɗaya daga cikinsu ɗan mai shayin bakin tasha ne, na kuma san kafin azahar ɗin Juma'a duk Laranto ta ji. Za a yi dariya, wasu tsofaffin masu sautu da ke raye za su tuna atamfarsu. Na yi tunanin wannan sosai, amma gara a yi mini dariya a bakin gareji da a kira ni a waya a ce ba a san inda kuka shiga ba. Na riga na yi magana da mai fenti zai zo ya gyara allon.

Mamanka ce za ta kawo maka takardar nan, ba ta san abin da ke ciki ba. Kada ka gaya mata. Da labarin tekun nan na yi zance da ita a ƙofar gidansu, har ƙwaryar kifi ɗaya na ba ta, tana nan cikin kwallarta har yau. Ni zan gaya mata da bakina. Na ce yau, sai na ce gobe, yanzu dai na tsayar da ranar Asabar in kun tashi, in labarin bai riga ni zuwa kunnenta ba. Ka taya ni da addu'a, don wannan ta fi mini Hawan Kibo wuya.

Ka riƙe salla a kan lokaci, matafiyi yana da sauƙi amma ba a yafe masa ba. Fasfo da katin allurar rigakafi da takardun babur ka sa su a leda a jikinka, kada ka sa a jakar baya. Jami'in hanya in ya tsayar da ku ka cire hular kwano ka gaishe shi, ko ba ka jin yarensa. Kada ku yi tafiya bayan magariba. Ka riƙa kiran mamanka kullum ko da minti ɗaya ne, ni ba sai ka kira ni ba, ina jin komai daga inda nake zaune.

Saura abu ɗaya. A cikin ledar da mamanka za ta ba ka, ƙarƙashin kabejin, akwai kwalbar nan, ka cire ta kafin ka miƙa wa maƙwabta ledar. Yau da safe na sauke ta daga kan kabad, na kai wa Chidi ruwansa na juye masa a wata roba, na ce ga ajiyarsa. Ya yi dariya har ya share ido, ya ce ruwan ma ya tsufa. Na wanke ta na goge. Na san ni na ce kada ka karɓi sautun kowa, na kuma ce kada ka ɗauki kaya mara amfani, ga shi ni ne na fara karya dokar. Ka yi haƙuri ka karɓi wannan guda ɗaya. In Allah Ya kai ka bakin teku, ka cika mini ita da hannunka, ka tsaya ka kalle shi da kyau, ba ta cikin kyamara ba, ka zo ka gaya mini yadda yake. Ina so in ji daga bakin wanda ba zai ƙara mini komai ba.

In kuma ba ka isa ba, in babur ya tsaya a Paraku ko a Mokwa ko ma a gangaren Hawan Kibo, ka juyo gida ka kawo mini ita yadda na ba ka. Kada ka tsaya a wani famfo ka cika ta ka zuba gishiri. Zan ɗora ta a kan kabad babu komai a ciki, duk wanda ya tambaya in ce ɗana ya tafi, ya kai inda ya kai, ya dawo ya faɗi gaskiya.

Na yafe maka duk abin da ke tsakaninmu, kai ma ka yafe mini. Allah Ya sa albarka a tafiyarku, Ya raba ku da sharrin hanya da sharrin ƙarfe, Ya haɗa ku da mutanen kirki a duk inda kuka sauka, Ya dawo da ku ku same mu lafiya. Amin.

Mahaifinka,
Garba makanike, Laranto.